Saitin Manhajar Duba Ƙasa: Tudu, Karkata da Fuskantar Arewa

Wanda ya buɗe Google Earth a kwamfuta, ya ga duniya tana juyawa har ta sauko da shi kan rufin gidajen unguwarsu, yakan ɗauka hoto ne guda da aka ɗauka aka ajiye. Abin da ke gabansa haɗin abu biyu ne da aka samo daga wurare daban-daban. Na farko hotunan da taurarin ɗan'adam da jiragen sama suka ɗauko daga bisa. Na biyu jerin alƙaluma ne masu faɗin tsayin kowane ɗan yanki na ƙasa daga matakin teku. Manhajar tana gina surar tudu da kwari daga alƙaluman nan, sannan ta lulluɓa hoton a kai kamar yadda ake rufa zane a kan ƙoren da aka kife, kuma wannan ne ake kira kallon 3D. Daga nan sai ta zaɓi inda za ta ajiye idon mai kallo, da tsayinsa, da inda ya fuskanta. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan yana da saiti da mutum zai iya sauyawa, kuma sauyin yana iya mai da gangare mai sauƙi ya zama tsauni, ko ya ɓoye kwari gaba ɗaya. Saboda haka nake ganin shafin saituna ya fi cancanta a fara koyar da shi kafin komai. Wanda bai san yadda aka saita manhajarsa ba, bai san iyakar abin da zai iya gaskatawa daga cikin abin da yake gani ba.

Manhajar ta samo asali ne daga wani kamfani na Amurka mai suna Keyhole, wanda Google ya saya a 2004 ya fito da ita da sunan Google Earth a 2005. Samfurinta na kwamfuta, Google Earth Pro, ya zama kyauta a 2015, kuma daga cikinsa misalan wannan rubutu suka fito, ko da yake duk manhajar da ke irin wannan aiki tana da makamantan saitunan. Babban tushen alƙaluman tsayi na yawancin duniya shi ne aikin da kumbon Endeavour ya yi a watan Fabrairun 2000, lokacin da ya kwana 11 yana zagaya duniya yana auna doron ƙasa da na'urar rada, tsakanin digiri 60 arewa da digiri 56 kudu. Da farko abin da aka saki na wajen Amurka awo ɗaya ne a kowane mita 90. Sai a 2014 aka fara sakin mai awo ɗaya a kowane mita 30, kuma da Afirka aka fara. A riƙe wannan adadi na mita 30, domin zai dawo.

Saitin da ya fi kowanne tasiri shi ne na kambama tsayi. Wani ɗan akwati ne a shafin saitunan kallo, inda ake rubuta lamba daga 0.01 zuwa 3. Idan aka bar shi a 1, mita ɗaya na tsayi daidai yake da mita ɗaya na nisa. Idan aka sa 3, kowane tudu ya ninka tsayinsa uku alhali faɗinsa bai ƙaru ba. Mai karatu na iya tambayar me ya kawo irin wannan zaɓi cikin kayan ilimi tun farko. Dalilin shi ne duniya ta fi yadda muke zato santsi nesa ba kusa ba. Tsaunin Everest yana da tsayin mita 8,849, faɗin duniya kuwa daga gefe zuwa gefe ta tsakiya kimanin kilomita 12,742 ne. Da za a ƙera ƙwallon duniya mai faɗin santimita 30 bisa ma'auni na gaskiya, tsayin Everest zai zama kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita kacal. Ƙasar Hausa ma ta fi nuna wannan. Daga Kano, mai tsayin kimanin mita 480, zuwa Tafkin Chadi, mai kimanin mita 280, ƙasa ta sauka mita 200 ne kacal a tafiyar da ta kusa kilomita 600, wato ƙasa da rabin mita a kowace kilomita. Wannan ɗan gangare shi ke jan ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are zuwa gabas, shi ya shimfiɗa fadamun Haɗeja da Nguru, amma a saiti na 1 ido ba zai kama shi ba. Malamin da ke son ɗalibansa su ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya yana da hujjar ɗaga lambar.

Sai dai akwai masu cewa kambama tsayi ƙarya ce kawai, a bar lambar a 1 a huta. Ba su rasa hujja ba, kuma hujjarsu mafi ƙarfi daga wata duniyar ta zo. Bayan kumbon Magellan ya isa duniyar Zuhura a 1990 ya auna doronta da rada, hukumar NASA ta fitar da hotuna da finafinai da ke nuna tsaunuka masu tsini suna sokar sama. An ninka tsayin wasu sau 10, wasu har sau 22.5, ciki har da wani sanannen hoto na dutsen aman wuta na Maat Mons, wanda a zahiri faffaɗa ne mai gangare a hankali. Jaridu da talabijin sun yi ta yaɗa hotunan, sau da yawa ba tare da ambaton ninkin ba, har masanin taurari David Morrison ya yi rubutu a 1992 yana sukar abin, yana tunatar da mutane cewa Zuhura shimfiɗaɗɗiya ce. Ƙorafinsa daidai ne. Amma idan aka duba da kyau, laifin yana wurin yin shiru game da lambar. Masanan da suka san an ninka sau 22.5 sun amfana da hoton, sun ga hanyoyin da narkakken dutse ya bi. Jama'ar da ba a faɗa wa ba su aka ruɗa. Komawa saiti na 1 zai kare mutum daga wannan ruɗin, amma zai jefa shi cikin wani, wato ya yi zaton shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta da gangare ko kaɗan, alhali gangaren nan da ba a gani shi ke yanke hukuncin wane ƙauye ambaliya za ta ci.

Abin da ya kamata shi ne mai amfani ya san farashin da yake biya. Na farko, kusurwar gangare tana lalacewa. Hawa mai digiri 10, wanda jaki da kaya zai bi ba wahala, idan aka ninka tsayi uku yakan fito kamar mai digiri 28, mai digiri 20 kuma ya haura 47. Don haka duk wanda tambayarsa ta shafi tsananin hawa, kamar mai neman inda hanyar mota za ta bi ko mai duba ko gona za ta nomu, dole ya mai da lambar 1 kafin ya yanke shawara. Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma a nan mita 30 ɗin nan ke dawowa. Rada ba ta bambanta ƙasa da abin da ke kanta, takan auna kan bishiyoyi da rufin gine-gine, kuma awonta na iya kaucewa da mitoci da dama. Kambamawa tana ninka kuskuren tare da gaskiyar. A kan tsaunukan Jos, inda bambancin tsayi ya kai ɗaruruwan mitoci, kuskuren mita biyar ba ya canza komai. A fadama kuwa, kurmin bishiyoyi na iya fitowa kamar tudu, mutum ya zaci ya sami wurin da ruwa ba ya kaiwa. Haka nan abin da bai kai faɗin awon ba ba ya shiga lissafi. Kwazazzabon zaizayar ƙasa irin na Gombe, idan faɗinsa mita goma ne, ana iya ganinsa ƙarara a hoton amma surar ƙasar ta nuna wurin a shafe, kuma ninki uku ba zai tono ramin da ba a auna ba. Abin dogaro shi ne layin da ke ƙasan allo, domin yana faɗin tsayin wurin da linzami yake bisa alƙaluman asali, ko nawa aka sa a akwatin kambamawa.

Saitunan zirga-zirga ba su cika jan hankali ba, amma su suka fi ɓatar da sabon shiga. Manhajar takan zo a saite ta yadda idan mutum ya matso kusa da ƙasa, kallon zai karkata da kansa daga duba ta sama kai tsaye zuwa hangen nesa, har sararin sama ya bayyana. Yana da kyaun gani, kuma ta karkatawa ne kaɗai tudu ke fitowa a matsayin tudu. Matsalar ita ce a karkataccen kallo ma'auni ba ɗaya ba ne a ko'ina: santimita ɗaya a ƙasan allo na iya zama mita ɗari, a samansa kuma kilomita da yawa. Abin da ke bayan tudu ya ɓuya. Gefen dutse mai tsaye kamar Zuma, wanda tauraro ya hango daga sama bai kama fuskarsa sosai ba, sai ya fito a jaye, an miƙar da ɗan hoto kaɗan ya rufe babban bango. A shafin zirga-zirga akwai zaɓin hana wannan karkata ta kai-da-kai, kuma a ganina duk mai auna nisa ko faɗin fili ya kamata ya kunna shi, ya riƙa karkatar da kallon da hannunsa idan yana buƙata. Haruffa uku ne ke ceton wanda ya rikice: N yana mai da arewa sama, U yana mai da kallo ta sama kai tsaye, R kuma yana yin duka biyun.

Sanya arewa a sama al'ada ce ta masu zanen taswira. Taswirar da al-Idrisi ya kammala wa Sarki Roger na biyu na Sisili a 1154 kudu ta sa a sama, kuma ba ta gaza komai ba saboda haka. Akwai ma lokacin da juya kallon shi ne gyara. Idon ɗan'adam ya saba da haske daga sama, shi ya sa masu taswira ke zana inuwar tsaunuka kamar rana tana can sama ta hagu. Taurari irin su Landsat kuwa da hantsi suke wucewa, wajen ƙarfe goma, kuma a arewacin ikwaita lokacin hunturu rana tana kudu maso gabas a wannan sa'a, wato ƙasan allo ta dama. Sai ido ya karanta inuwar a juye, kwari ya zama tudu, kogi ya yi kamar yana tafiya a kan doro. Idan aka juya kudu ta koma sama, nan take surar ke daidaita. Abin kiyayewa kawai shi ne mutum ya riƙa duban kamfas ɗin da ke kusurwar allo, kada ya manta ya juya, ya kwatanta wa wani gabas alhali yamma yake nunawa.

Wani zai ce ai injiniyoyin da suka ƙera manhajar sun fi mu sani, saitin da suka bari shi ne daidai. Sun fi mu sanin manhajar, gaskiya ne, amma ba su san tambayar da ta kawo mu ba. Sun saita ta ne don mutumin da zai buɗe ya yi yawon buɗe ido, kuma mai neman wurin haƙa rijiyar burtsatse ko mai sasanta iyakar gona buƙatarsa daban ce. Dubi ma'aunai kaɗai. Ana iya nuna tsayi da ƙafa ko da mita, kuma ƙafa 1,000 mita 305 ne, don haka wanda ya kwafi lamba bai duba ma'aunin ba ya ninka tudu fiye da sau uku. Lambobin matsayi su ma suna da salo fiye da ɗaya: digiri da minti da daƙiƙa, ko digiri da ɗigo, ko tsarin UTM na masu safiyo. Digiri 11 da minti 30 shi ne 11.5, domin minti 60 ke cikin digiri. Wanda ya rubuta 11.30 ya kauce da kashi biyu cikin goma na digiri, kuma tun da digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, ya sauka kilomita 22 daga inda ya nufa. Ko salon ya yi daidai, akwai sauran magana. Google Earth da na'urorin GPS suna aiki da tsarin WGS84, tsofaffin taswirori da takardun filaye da yawa na Najeriya kuwa bisa ma'aunin Minna aka yi su, kuma wuri ɗaya na iya bambanta da fiye da mita 50 tsakanin tsarin biyu. A cikin gari wannan tazara ta filaye da dama ce.

Kwanan watan hoto ma saiti ne, ko da yake mutane ba su cika ɗaukarsa haka ba. Abin da ke allo ɗinki ne na hotuna da aka ɗauka a lokuta daban-daban, shi ya sa ake ganin layi miƙaƙƙe ya raba fili gida biyu, ɓangare kore shar, ɓangare ja wur: ɗaya na damina ne, ɗaya na rani. Tun 2009 manhajar ke da sandar lokaci da ake ja don ganin tsofaffin hotuna. Mai duba fili a bakin fadama ya wajaba ya ja ta ya nemi hoton Agusta ko Satumba, domin hoton Maris zai nuna masa fako inda ruwa ke kwana wata uku.

Duk waɗannan suna hannun mai kallo muddin yana gaban kwamfutarsa. Da zarar ya ɗauki hoton allo ya sa a rahoto, ko a takardar jarrabawa, ko ya tura a WhatsApp, wanda ya karɓa ba shi da linzamin juyawa, ba ya iya buɗe shafin saituna ya ga lambar da ke akwatin, kuma halin da masu kallon hotunan Zuhura suka shiga ke nan. Hakkinsa ne a rubuta masa a ƙarƙashin hoton sau nawa aka ninka tsayi, da ranar da aka ɗauki hoton, da inda kallon ya fuskanta, a kuma bar kamfas da sandar ma'aunin nisa a cikin hoton kada a yanke su don neman kyau. Idan kallon karkatacce ne, a haɗa shi da na biyu da aka ɗauka ta sama kai tsaye a saiti na 1, domin a kan wannan na biyun ne kaɗai za a iya ɗora ma'auni a auna.