Hawan keken dutse

Hawan keken dutse wani nau'in wasa ne da motsa jiki wanda ake yi da keke na musamman a kan hanyoyin da ba su da kwalta, galibi a tsaunuka, da gindin duwatsu, da cikin dazuzzuka. Hanyoyin kan kasance masu tudu da gangara, cike da tsakuwa, da saiwoyin itatuwa, da ramuka. Wasan ya samo asali a yadda aka san shi yanzu daga jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka a shekarun 1970, kuma yana cikin wasannin Olamfik tun daga shekarar 1996.

Tarihi

A tsakiyar shekarun 1970, wasu matasa a gundumar Marin da ke arewa da birnin San Francisco sun riƙa tattara tsofaffin kekuna masu nauyi da faffaɗan taya, irin waɗanda kamfanin Schwinn ya ƙera a shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga tsaunin Tamalpais da tuddan da ke kewaye da shi. Daga cikinsu akwai Gary Fisher, da Joe Breeze, da Charlie Kelly.

A ranar 21 ga watan Oktoba, 1976, aka yi tseren farko a wata hanyar ƙasa mai tsananin gangara kusa da garin Fairfax. Hanyar tana sauka kusan mita 400 a cikin tazarar da ba ta wuce kilomita 3 da 'yan kai ba. Birkin waɗannan kekuna yana cikin cibiyar ƙafar baya ne, ana kama shi ta hanyar murza feda baya. Kafin mahayi ya kai ƙasa, birkin kan yi zafi har giris ɗin da ke ciki ya ƙone, sai an sake cika shi. Wannan ne ya sa aka laƙaba wa hanyar suna Repack, wato sake cikawa.

Babbar matsalar waɗannan kekuna ita ce hawa. Giya ɗaya tak gare su, don haka sai dai a tura su zuwa saman tudu ko a ɗora su a bayan mota. Neman mafita ya sa aka fara maƙala masu giyoyi da birkin hannu. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keken da ya kira Breezer, wanda ake ɗauka a matsayin keken dutse na zamani na farko da aka ƙera tun daga tushe domin wannan aiki. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa.

Siffar keken

Tayoyin keken dutse suna da faɗi da manyan haƙora domin riƙe ƙasa. Girman ƙafafun da aka fi amfani da su shi ne inci 26, da 27.5, da 29. Wasu kekunan suna da shokozoba a gaba kaɗai, wasu kuma gaba da baya. Na farkon sun fi sauƙin nauyi, na biyun kuma sun fi daɗin sarrafawa a kan duwatsu. Yawancin na yanzu suna amfani da birki mai faifai, wanda yake kamawa ko da a cikin ruwa ko taɓo.

Hawan tudu

Ana auna tsananin tudu ne da kaso cikin ɗari. Idan aka ce hanya tana da kashi 10, ana nufin a kowace mita 100 ta tafiya gaba, ƙasa tana ɗagawa da mita 10. A kan kwalta wannan ma aiki ne, balle a kan tsakuwa inda taya ke iya zamewa.

Abin da ke sauƙaƙa hawa shi ne ƙaramar giya. Misali, idan faifan sarƙa na gaba yana da haƙora 32, na baya kuma 50, to zagaye ɗaya na feda ba zai juya ƙafar baya sau ɗaya cikakke ba, sai kusan kashi biyu bisa uku. A keke mai ƙafa inci 29, tafiyar kusan mita ɗaya da rabi ke nan. Gudun ya ragu, amma ƙarfin da ƙafar mahayi ke buƙata a kowane zagaye shi ma ya ragu, shi ya sa ake iya daɗewa ana hawa.

Bayan giya, sai zaman mahayi. Idan ya jingina baya da yawa, ƙafar gaba za ta ɗaga daga ƙasa, keken ya ƙi juyuwa. Idan kuma ya miƙe tsaye ya ranƙwafa gaba, nauyi zai bar ƙafar baya, tayar ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Saboda haka ƙwararru kan zauna a bakin sirdi, su sunkuyar da ƙirji kusa da kan keken, su riƙa murza feda a kai a kai ba tare da fizga ba. Ana kuma sauya giya tun kafin a shiga wuri mafi tsanani, domin sauyawa a lokacin da sarƙa ke ɗauke da nauyi yana iya tsinka ta. Wanda ya tsaya a tsakiyar tudu mai tsanani yakan sha wahalar sake tashi, sau da yawa sai ya tura keken zuwa inda ƙasa ta ɗan kwanta.

Gasa

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a 1990 a garin Durango na jihar Kolorado. Manyan rukunan gasar sun haɗa da tseren ƙetare daji, wanda ya ƙunshi hawa da sauka, da tseren gangara zalla, da kuma enduro, inda mahayi ke hawa da kansa amma galibi lokacin saukowa ake ƙirgawa. A wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, Bart Brentjens na ƙasar Holan ya ci zinare a ɓangaren maza, Paola Pezzo ta Italiya kuma a na mata.

A nahiyar Afirka, gasar da ta fi suna ita ce Cape Epic ta Afirka ta Kudu, wadda aka fara a 2004. Ana yin ta ne bibbiyu, cikin kwanaki takwas. A 2024 Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya samu tagulla a Olamfik na Paris, sannan ya zama zakaran duniya a wannan shekarar.

Haɗari da muhalli

Faɗuwa ita ce babban haɗarin wasan, kuma takan jawo karayar ƙashin wuyan kafaɗa, ko na hannu, ko buguwa a kai. Shi ya sa hular kwano ta zama dole a gasa. A doguwar hawa cikin zafi kuma akwai barazanar ƙarancin ruwa a jiki.

Tun farkon wasan ake samun saɓani tsakanin mahaya keke da masu tafiya a ƙasa da mahaya dawaki, lamarin da ya kai ga rufe wasu hanyoyi a Kalifoniya. Wannan ne ya haifar da ƙungiyar IMBA a 1988. Daga cikin ƙa'idojinta, mai keke ya ba masu tafiya da dawaki hanya, mai gangarowa kuma ya ba mai hawa hanya. Ƙungiyar tana kuma ba da shawarar kada matsakaicin tsananin hanya ya wuce kashi 10, domin hanyar da ta miƙe sak daga sama zuwa ƙasa takan zama magudanar ruwa da damina, ta zaizaye.