Ɓeran Masar idan ya tsufa: sikelin kajinka zai nuna maka abin da gashi ya ɓoye

Yau za mu ɗan ajiye buraila da tarwaɗa gefe, mu yi maganar wata 'yar dabba da yara ke ajiyewa a gidaje da yawa nan Sakkwato: ɓeran Masar. (Ba daga Masar ya fito ba fa, asalinsa tsaunukan Kudancin Amurka ne, wajen ƙasar Peru.)

Wani mai kiwon kaji a Arkilla ne ya ja hankalina. 'Yarsa tana da namiji guda da ya kai shekara biyar a gidan. Kullum yana zuwa bakin kwano, gashinsa luf-luf, kowa na cewa lafiyarsa lau. Ran nan mutumin yana auna kajinsa sai yarinyar ta ce, "Baba, a ɗora nawa ma." Giram 780. Kafin azumi sun taɓa auna shi da wasa, ya ba da 1,020. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na jikinsa ya tafi, ba wanda ya lura.

Haka dabbar nan take. Tana ɓoye ciwo, gashi kuma yana rufe rama. Babban namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200, mace 700 zuwa 900. Sukan yi shekara biyar zuwa bakwai, kuma daga shekara huɗu tsufa ya fara kamawa. Tsoho yakan ɗan zube a hankali, wannan ba abin tsoro ba ne. Zubewa da sauri ita ce matsala.

Ba sai ka sayi komai ba. Sikelin da kake auna 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi ya isa, in dai yana nuna giram. Sa shi cikin roba mai zurfi, auna sau ɗaya a mako, rana guda, lokaci guda, misali Jumma'a da safe kafin a ba shi abinci. Rubuta a littafin da kake rubuta lissafin kaji. Bambancin giram 20 ko 30 ba komai ba ne, cikar ciki ce ko fitsari. Idan ya kai 50, koma auna shi kullum. Idan ya doshi 100, ko ya yini bai ci ba kuma ba kashi, kar ka jira gobe. Hanjinsa ba ya jure zama babu abinci.

Abin da ya fi rama tsofaffi shi ne haƙori. Haƙoransu ashirin ne, dukkansu girma suke yi har mutuwa, ciyawa ce ke goge su. Mu kuma a nan dusa da ragowar tuwo ake zuba masu, wasu ma abincin kaji, wanda ba nasu ba ne sam. Sai turamen ciki su yi tsawo su tare harshe. Za ka gan shi ya ɗauki ganye ya saki, haɓarsa jiƙe da miyau. Mai shi na ganin yana ci, alhali wasa yake da abincin.

Sai bitamin C. Kaza tana haɗa nata a jikinta, ɓeran Masar ba ya iyawa, kamar mutum. Yanki ɗaya na tattasai marar yaji kullum, ko ɗan gwaba, ya wadatar. Albasa kuwa, duk arharta a garin nan, guba ce gare shi. Harawa ma a rage wa tsoho, tana da alli da yawa, su kuma suna saurin samun tsakuwa a mafitsara. Ciyawa mai tsabta ta fi.

Zafinmu kun san shi. A Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, shi kuwa daga 28 ya fara wahala ya rage ci. Keji ƙarƙashin kwano hatsari ne. Inuwa, ƙasa mai sanyi, ruwan randa.

Inda na fi jin tsoron mu masu kaji shi ne magani. Hannunmu ya saba, da mun ga dabba ta yi laushi sai mu kaɗa mata abin da ke cikin kwali. Don Allah kar a yi. Amoxicillin da ampicillin da danginsu suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki ya mutu. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka je da shi tare da littafin awon.

Na Arkilla dai haƙori ne. Likita ya rage turamen, yarinyar ta yi mako biyu tana ɗura masa jiƙaƙƙen abinci da sirinji marar allura. Bai koma 1,020 ba, kuma da wuya ya koma. Awon Jumma'ar da ta wuce ya nuna 850.