Daga Dengfeng Zuwa Matan Fada: Dabarun Ɗaukar Hoto A Ƙarƙashin Ruwa

Duk wanda ya taɓa zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda fatakenmu ke kira Gwanzu, ya san unguwar Dengfeng da ke yankin Xiaobei. A nan ne 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, ciki har da namu na Kano da Maraɗi, suka daɗe suna sauka, su yi ciniki a benen Tianxiu, su haɗa kaya a tura gida. Ko da yake yawan baƙi ya ragu a unguwar tun bayan gyare-gyaren da hukuma ta yi a 2014 da kuma annobar korona ta 2020, har yau hanyar kayan ba ta mutu ba. Cikin hajar da ke bin wannan hanya akwai ƙananan kyamarori masu shiga ruwa da jakunkunan leda na saka wayar hannu.

Ba abin mamaki ba ne, domin birnin Shenzhen, inda kamfanonin DJI da Insta360 ke da hedikwata, bai wuce tafiyar kamar awa guda a jirgin ƙasa daga Gwanzu ba. Samun kyamarar ya yi sauƙi ke nan. Abin da ya rage mana shi ne sanin aiki da ita, don da yawa daga cikinmu sun nutsa da sabuwar kyamara sun fito da hoto kore shar, ba a gane mutum balle kifi.

Sana'ar dai ba sabuwa ba ce. A 1893 wani masanin halittu ɗan Faransa, Louis Boutan, ya fara ɗaukar hotuna a ƙarƙashin tekun Bahar Rum. A 1926 aka ɗauki hoto mai launi na farko a gaɓar Fulorida ta Amurka, kuma sai da aka ƙona garin magnesiyam a saman ruwa kafin haske ya wadata. Matsalar da suka yi fama da ita, wato ƙarancin haske, ita ce tamu a yau.

Ruwa yana shanye launi daki-daki. Ja ne ke fara ɓacewa, tun a zurfin kamar mita 5, rawaya ya bi baya, har ya zama saura shuɗi ko kore. Kuma ba zurfi kaɗai ake lissafawa ba, har da nisan da ke tsakanin kyamara da abin da ake ɗauka. Don haka doka ta farko ita ce mu matsa kusa, kada tazarar ta wuce mita guda. Jawo hoto daga nesa da maɓalli ba ya maganin komai, ruwan da ke tsakani yana nan. Sannan mu sani cewa ta cikin shimfiɗaɗɗen gilashi abu kan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma yi kamar ya matso, alhali yana nesa.

Na biyu, filashin da ke jikin kyamara abokin gaba ne a ruwa mai laka. Haskensa kan bugi ƙurar da ke yawo ya dawo kai tsaye, sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo fari. Idan akwai fitila, a riƙe ta a gefe. Idan babu, a dogara da rana tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana, lokacin da haske ya fi ratsa ruwa.

Wajen tsara hoto kuwa, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauka daga sama, inda ba abin da ke fitowa sai bayan kifi da taɓo. Mu sauka daidai da idon abin da muke ɗauka, ko ƙasa da shi kaɗan, mu ɗaga kyamara sama domin hasken saman ruwa ya fito da siffarsa. A tabbatar ido ya fito tangaran, a bar fili a gaban kifin ta inda ya dosa, kada a dasa shi a tsakiya kamar hoton fasfo. A kuma rage motsin ƙafa, don mai tayar da laka kansa yake ɓata wa aiki.

Ina amfanin duk wannan gare mu? Mu duba Argungu. Bikin kamun kifi da aka faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016, cike yake da gwanintar da ke faruwa inda idon 'yan kallo ba ya kaiwa: nutso, da kamun kifi da hannu a wasannin Kabanci. Gaskiya ne da zarar dubban masunta sun afka kogin Matan Fada da homa da gora, ruwan kan turɓune, ba abin da kyamara za ta gani a ƙasa. A irin wannan hali dabara ita ce a ajiye kyamara daidai da saman ruwa, a kama fuskar masunci lokacin da ya ɓullo da giwan ruwa. Hoton nutso kuwa sai a nemi izinin masu kula da kogin, a yi shi lokacin da ruwa ya kwanta.

Ga fataken da ke sayo kayan kuma, a lura da lambar IP68 da ake bugawa a kwali. Ba ta nufin a yi nutso yadda aka ga dama. Wayoyi da yawa an gwada su ne a zurfin mita ɗaya da rabi na minti 30 a ruwa mai tsabta wanda ba ya motsi. A zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na sarari. Kafin a biya kuɗin katan-katan, a saka takarda cikin jakar ko gidan kyamarar, a nutsar a bokiti, a ga ko za ta jiƙe. Gashi guda a kan zoben robar murfi ya isa ya shigar da ruwa.

A ƙarshe, rai ya fi hoto. Kada wanda bai iya iyo ba ya shiga, kada a nutsa ba abokin tafiya, a kuma tuna cewa cutar tsargiya na nan a tafkuna da madatsun ruwanmu da dama. Idan matasanmu suka kiyaye waɗannan, kyamarar da aka ɗauko daga Dengfeng za ta adana wa jikokinmu gwanintar 'yan Kabi da hannunmu, maimakon mu ci gaba da jiran baƙi su zo su ɗauka mana.