Yadda Ake Shirya Taron Rufe Sansanin Koyon Rubutu Na Yara

A lokacin dogon hutun makarantu, wato daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, akan sami malamai da ƙungiyoyin sa-kai masu tara yara na mako biyu ko uku domin koya musu rubuta labari da waƙa da wasan kwaikwayo. An shirya wannan bayani ne saboda masu irin wannan aiki a Dutse Alhaji, cikin yankin Bwari na Babban Birnin Tarayya, da maƙwabta irin su Dutse Makaranta da Kubwa. Abin da za a duba shi ne ranar ƙarshe, ranar da ake kiran iyaye. Uban da ya tashi daga taron nan bai ga amfanin abin ba, da wuya ya sake sakin ɗansa baɗi, balle 'yarsa da ake bukata a gida ko a kasuwa.

Wannan taro ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A walimar saukar Alƙur'ani, ɗalibi ne ke riƙe allonsa mai zayyana ya yi karatu, manya suna saurare. Haka ya kamata taron rufe sansani ya kasance. Ranar ta yara ce, manya 'yan kallo ne.

Zaɓen Rana Da Wuri

Mazauna Dutse Alhaji da yawa a cikin birni suke aiki, kuma cunkoson hanyar Kubwa yakan hana su isowa gida kafin magariba. Saboda haka ranakun aiki ba su dace ba. Juma'a akwai masallaci, Lahadi akwai coci. Asabar ce ta rage, kuma an fi so a fara da ƙarfe 10 na safe a tashi kafin azahar, tun mutane ba su watse zuwa wajen biki ba. Agusta tsakiyar damina ce, don haka kada a dogara da fili. A nemi zauren makaranta, a kuma tuna cewa ruwa idan ya sauka a kan rufin kwano, muryar yaro ɗan shekara tara ba ta wuce layin gaba. Lalle ne a tanadi lasifika da janareta, a gwada su tun jajibiri. Takardar gayyata ta isa gida mako guda kafin ranar, kuma yaron da kansa zai rubuta ta.

Rabon Lokaci

A nan ne masu shiri suka fi yin kuskure. Misali, idan yara 40 ne, aka ba kowanne minti 3, karatu kaɗai ya cinye awa biyu, ba a yi addu'a ba, ba a raba shaida ba. Mafita ita ce a kasa su: wasu su karanta shafi ɗaya, wasu su haɗu su yi gajeren wasa, sauran a liƙa rubutunsu a bango su tsaya kusa da shi suna yi wa iyaye bayani. Abin lura kawai shi ne kada a sami yaron da ba a ambaci sunansa ba. Jawabin babban baƙo kada ya wuce minti biyar. Idan kuwa ya makara, a fara ba tare da shi ba.

Batun Harshe

Tun da aka kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, musamman bayan gwamnati ta ƙaura daga Legas a 1991, wuraren da a da ƙauyukan Gbagyi ne sun cika da mutane daga ko'ina cikin ƙasa. A zaure ɗaya za a sami mai jin Gbagyi da Hausa da Ibo da Yarbanci da Turanci. A bar kowane yaro ya karanta da harshen da ya yi rubutu, mai gabatarwa ya taƙaita ma'anar cikin jimla biyu. Uwar da ba ta yi boko ba, idan ta ji 'yarta na karatu da harshen gida, ta san an yi taron da ita.

Kyauta Da Tsare Mutuncin Yaro

Gasa tana da tarihi mai kyau a adabinmu. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma waɗancan manya ne da suka shiga da kansu. Yaron da aka jera sakamako a gaban mahaifinsa, aka kira na ɗaya da na biyu da na uku aka tsallake shi, yana iya ajiye alƙalami ke nan. Gara kowa ya karɓi takardar shaida mai ɗauke da kalma ɗaya a kan abin da ya fi iyawa, kyautar kuma ta zama littafi.

Wajibi ne malami ya karanta kowane rubutu tare da mai shi kafin ranar. Yara sukan rubuta abin da suke gani a gida: bashi, rigimar kishiyoyi, duka. Irin wannan ba a karanta shi a bainar jama'a, kuma ba a tilasta wa mai jin kunya ya hau dandamali. Idan rubutun ya nuna ana cutar da yaron, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki a Babban Birnin Tarayya, sai a sanar da jami'an jin daɗin jama'a cikin sirri. Hoto kuwa, ba a ɗauka a watsa a intanet sai da yardar iyaye.

Kafin a tashi, a miƙa wa kowane gida kwafin ɗan kundin da aka tara rubutun yaran a ciki, ko da na fotokwafi ne. A bangon baya a rubuta ranar da za a buɗe rajistar hutu mai zuwa.