Idan Damina Ta Ƙi, Me Manomi Zai Yi?

Akwai abubuwan da ba sa hannun ɗan Adam. Ruwan sama yana cikinsu. Manomi zai yi sharar gona, ya kai taki, ya yi shuka a kan lokaci, amma ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. Wannan ba laifinsa ba ne.

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. An yi yunwar Kakalaba a 1914. An yi babban fari a 1973, an sake yin wani a 1984. A waɗannan shekaru gero ya bushe a tsaye, shanu sun mutu da yawa, magidanta sun bar gidajensu sun tafi cin rani. Tun da ya taɓa zuwa, zai iya dawowa.

Manomi mai hankali yakan raba matsalar gida biyu. Akwai abin da ya fi ƙarfinsa, wato saukar ruwa. Wannan sai addu'a da haƙuri. Akwai kuma abin da yake iyawa, wato shiri. A nan ne ya kamata ya sa ƙarfinsa. Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Shiri na farko shi ne zaɓen iri. Gero irin Sosat yana nuna cikin kamar wata 3. Akwai waken da ke nuna cikin kwana 60 zuwa 70. Idan damina ta gajarta, irin waɗannan sukan tsira. Malamin gona zai nuna inda ake samun su. Haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya shi ma dabara ce ta iyaye da kakanni. In wani ya ƙi, wani zai yi.

Na biyu shi ne riƙe ɗan ruwan da ya sauka. Manoman jihar Tawa a Nijar suna da wata dabara da ake kira tassa. Da rani suke haƙa ƙananan ramuka a fako, faɗin kowane kamar bakin ƙwarya, zurfinsa kamar tsawon tafin hannu. Tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a gefen gangare don ta tare ruwa. Sai a zuba takin dabbobi cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami. Da ruwa ya sauka sai ya taru a ciki, ya nutse, maimakon ya gudu. A nan ake shuka gero. Ko ruwa ya yi jinkiri, shukar tana da laima. Aikin yana da wuya, amma da shi aka raya gonakin da a da ba sa fid da ko ciyawa.

Na uku shi ne barin itatuwa a gona. Bayan farin 1984 manoman Maradi sun rage tumɓuke kututture. Sukan bar rassa kaɗan masu ƙarfi su girma. Gawo ya fi kowane amfani, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Na huɗu shi ne tattali. A shekarar da aka samu albarka, kada a kwashe hatsi a kai kasuwa saboda biki. A bar na ci a rumbu, a ware na iri. Akuya biyu ko uku, da adashi, da noman rani a fadama, duk suna tare yunwa.

Idan kuma farin ya zo duk da haka, kada magidanci ya ɓoye damuwarsa. Ya shawarci iyalinsa da 'yan'uwa. Kada ya yi gaggawar sayar da gona, domin dabba tana mayuwa, gona kuwa da wuya ta dawo. Mai hali ya fid da zakka, ya taimaki maƙwabci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.