Ƙiyasin Likita da Hukuncin Ciwon Ajali: Mas'alar Mai Ciwon Hanta

Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta tabbatar da cewa sanin ajali na Allah ne Shi kaɗai. Duk da haka malaman Malikiyya sun gina hukunce-hukunce a kan rinjayen zato game da mutuwa. Shaihu Halilu, a babin hajru na Mukhtasar, ya taƙaita tasarrufin majiyyacin da ilimin likitanci ya hukunta cewa ana yawan mutuwa da cutarsa, ya buga misali da tarin fuka da zazzaɓi mai tsanani. Ke nan fiƙihu da kansa ne ya miƙa wa likita wannan magana.

Mas'alar ta shafi majiyyatan da ake kwantarwa a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, waɗanda ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C ta cinye shekaru tana aiki a ɓoye, har hantar ta taurare ta ƙanƙance. Likitoci suna auna su da ma'aunin Child-Pugh, wanda aka kafa a 1964 aka gyara a 1973. Abu biyar yake dubawa: sinadarin da ke kawo shawara, da furotin da hanta ke sarrafawa, da jinkirin daskarewar jini, da taruwar ruwa a ciki, da ruɗewar hankali. Maki yana tashi daga 5 zuwa 15. Mai 5 ko 6 yana aji na farko, galibi yana harkokinsa, kuma a ganinmu hukuncinsa na mai lafiya ne. Masu 10 zuwa 15 kuwa, kusan rabinsu ba sa cika shekara.

Wannan aji na uku shi ya fi dacewa da siffar da Halilu ya ambata. Kyautar da irin wannan majiyyaci ya yi wa wanda ba magaji ba akan dakatar da ita. In ya rasu a fitar da ita daga sulusi, in ya warke ta zartu duka. Aurensa ba ya halatta, kuma matar da ya saka tana gadonsa in ya mutu a wannan ciwon.

Sai dai makin ba ya zama wuri guda. Maganin da ke danne ƙwayar B, irin su tenofovir, yakan sauko da mutum daga aji na uku zuwa na biyu, aman jini kuma yakan jefa shi cikin haɗari a dare ɗaya. Saboda haka idan magada suka kai ƙara kotun Shari'a a Dutse ko Kiyawa, abin da ya kamata alƙali ya nema shi ne sakamakon gwajin da ya fi kusa da ranar da aka yi kyautar, tare da shaidar likitan da ya duba mamacin a lokacin.