KIƊAN ƘARFE: DAGA MAƘERAR INGILA ZUWA GITAR ƊAN NIJAR

Kwanan baya a Dakusa na tarar da gardama a rumfar wani maƙeri. Ɗansa yana zuga, ya ajiye salula a gefe tana fitar da wani kiɗa mai ƙara ƙwarai. Tsohon ya ɗaga kai ya ce: "Kai yaro, kashe mana wannan abu, sai ka ce injin niƙa ya lalace." Yaron ya ce: "Baba, ai mai kiɗan ɗan ƙasarmu ne." Tsohon ya ce sam, wannan haukan Nasara ne. Da suka nemi in raba su sai na ce kowannensu yana da rabin gaskiya. Ga bayanin da ban samu sukunin yi musu ba a ranar.

Mafarin abin

Turawa suna kiran irin wannan kiɗa hebi-metal, ma'anarsa ƙarfe mai nauyi. Mu a nan za mu ce masa kiɗan ƙarfe. An haife shi a Birmingam, babban birnin masana'antu na ƙasar Ingila, inda a wancan zamani ake narka ƙarfe dare da rana. A shekarar 1968 waɗansu samari huɗu ƴaƴan talakawa na unguwar Aston suka haɗa ƙungiyar makaɗa, wadda daga baya suka raɗa wa suna Black Sabbath. Su ne Ozzy Osbourne mai waƙa, da Tony Iommi mai gita, da Geezer Butler mai gitar da ke ba da kauri, da Bill Ward mai ganguna.

Tony Iommi lebura ne a wata masana'antar faranten ƙarfe. Yana da shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da hannun daman yake danne tsirkiya. Maimakon ya bar kiɗa, sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya nemi tsirkiyoyi marasa kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu domin rage zafi. Tsirkiya in ta yi sako-sako muryarta takan yi ƙasa, ta yi nauyi. Ta haka haɗarin wurin aiki ya taimaka wajen samar da sautin da dubban makaɗa suka kwaikwaya.

A watan Satumba na 1970 ƙungiyar ta fitar da faifanta na biyu mai suna Paranoid. Waƙoƙi takwas ne a cikinsa, kuma ya hau matsayi na ɗaya a jerin fayafayen da aka fi saye a Ingila. Waƙar farko, War Pigs, zambo ce ga manyan da ke tura ƴaƴan talakawa fagen daga su kuwa suna zaune a gida. A lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Wata waƙar kuma tana bayyana yadda ƙwaya ke hallaka mai shanta. Masana kiɗa da yawa suna ɗaukar wannan faifai a matsayin harsashin kiɗan ƙarfe. Ƙungiyar ta yi wasanta na bankwana a Birmingam ranar 5 ga Yuli 2025, Ozzy Osbourne kuma ya mutu ranar 22 ga wannan watan.

Ina ƙarar take fitowa?

Gitar lantarki ba ta da ƙoƙo mai amsa sauti irin na gurmi ko garaya. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar waya. In tsirkiya ta kaɗa, sai motsinta ya zama ɗan ƙaramin lantarki, ya bi waya zuwa akwatin ƙara sauti. In aka buɗe akwatin fiye da ƙarfinsa, sautin yakan dagule ya yi gurnani. Da farko ana ɗaukar wannan aibi ne. Makaɗan kiɗan ƙarfe suka mai da shi ado, kamar yadda mai goge yake neman ɗan kaushin nan na izga da gangan.

Ɗan ƙasarmu

Wanda yaron maƙeri yake saurare shi ne Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Buzu ne daga jahar Tawa. Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, kuma ba shi da kuɗin sayen gita. Sai ya sassaƙa katako, ya ɗaura masa wayar birkin keke, ya koya wa kansa. Shi ma bahago ne kamar Tony Iommi. Wanda ya fara burge shi shi ne marigayi Abdalla Umbadugu na Agadas, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan gitar Buzaye, wanda ya rasu a 2020.

Abin da ya kamata mu Hausawa mu sani shi ne, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyara murya ta mawaƙan finafinan Hausa. Ba kanti ne ya sayar da waƙoƙin ba. Daga salula zuwa salula suka yi ta yawo, har suka ƙetare hamada zuwa Mali da Muritaniya. Can wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a wani faifai da ya fitar a 2011, sa'an nan ya nemo mai ita. A 2015 suka yi fim a Agadas cikin harshen Tamashak. A 2019 aka fitar da Ilana, wanda ya kaɗa da cikakkiyar ƙungiya.

Faifan da ya ɗaukaka shi shi ne Afrique Victime, wato Afirka wadda aka zalunta. Kamfanin Matador na Amurka ya fitar da shi a watan Mayu na 2021. Waƙoƙi tara ne. Tare da shi akwai Ahmudu Madasan mai gita ta biyu, da Sulaiman Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke, mai gitar kauri wanda kuma shi ne ya tsara ɗaukar sautin. Jaridu da dama na Turai da Amurka sun sa faifan cikin mafi kyawun na wannan shekara.

Sai dai a faɗi gaskiya: kiɗan Mdou Moctar ba kiɗan ƙarfe ba ne zalla. Saiwarsa tana cikin kiɗan bukukuwan aure na Agadas, da takamba, da waƙoƙin kewa na Buzaye. Abin da ya aro daga waje shi ne gurnanin akwati da saurin yatsu. Ya kalli hotunan Eddie Van Halen, mashahurin mai gitar Amurka, ya ɗauki dabarar ƙwanƙwasa tsirkiya a wuyan gita, ya saka ta cikin kiɗan gida. Waƙar da faifan ya ci sunanta ta wuce minti bakwai. Takan fara a hankali, ganguna su yi ta ƙara sauri, har gita ta koma kamar kukan jiniya. Maganarta kuwa a kan halin da mulkin mallaka ya bar nahiyarmu ne. Mawaƙin ya sha faɗa wa ƴan jarida cewa an daɗe ana haƙar yuraniyom a Arlit, amma ƙauyuka da yawa na ƙasar ba su da wutar lantarki. A faifansa na 2024, Funeral for Justice, akwai waƙa mai suna Imouhar da ke kiran Buzaye su riƙe harshensu kada ya ɓace. Wannan kira ya shafi duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci domin ya iya rubuta harshen uwarsa.

Mu da ƙarfe

Tsohon maƙerin nan ya manta cewa gidansu ne gidan kiɗan ƙarfe tun fil azal. A ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma, maƙera da dundufa. Damagaram kuwa an san ta da aikin ƙarfe. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, maƙeran birni sun ƙera bindigogi har da igwa. Wanda ya tashi da amon guduma a kan uwar maƙera bai kamata ƙara ta zame masa baƙuwa ba. Haka kuma faɗa wa manya gaskiya cikin waƙa tsohuwar al'ada ce a wurinmu, ba mu jira Birmingam ta koya mana ba.

Duk da haka damuwar tsohon tana da tushe. Yaron ya san sunan mai gitar Agadas, amma da na tambaye shi ko ya taɓa jin an kaɗa dundufa, sai ya yi shiru. Waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo ma sama-sama ya san su. Ga abin lura kuma: sai da baƙo ya zo daga Amurka kafin a adana aikin Mdou Moctar a kai shi kasuwar duniya.

Saboda haka muna kira ga hukumomin al'adu na jaha da na gundumomi, da gidajen rediyon karkara, su ɗauki sautin tsofaffin makaɗan sana'a tun suna da rai, su kuma juye tsofaffin kasakasai kafin zafi da ƙura su cinye su. Gidajen samari su tanadi kayan kiɗa, na gargajiya da na lantarki, domin yaro mai baiwa kada ya tsaya ga wayar birki. Ku kuma da kuka sami takardar shaidar yaƙi da jahilci, ga aikin da ya dace da alƙalaminku: ku zauna da makaɗan garinku, ku rubuta kirarinsu da waƙoƙinsu da sunayen waɗanda suka koya musu, ku miƙa wa malamin ajinku ya adana. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, amin.